Faifan da Ya Raba Ni da Sule

Jiya Sule ya sa aka kunna mana tsohon faifanmu, da na je duba shi yana kwance ba lafiya a garin da ake kira Turawa. Rabonmu da magana tun shekarar da naira ta fito.

Shi ne mai jita, ni ne mai ganga. Da muka je Kano ɗaukar waƙa, aka rufe mu a ɗaki, mai na'ura yana ta ɗaga mini hannu wai in rage gudu. Na rage. Amma a dandalin garin Rogo ƙafafun 'yan rawa nake bi, su kuwa ba sa jira. Sule ya ce a bainar jama'a na ɓata masa waƙa. Na saɓi gangata na tafi, kuma har yau ban ga laifina ba.

Faifan na juyawa, ya yamutsa fuska.

"Audu, wannan ai rakiyar gawa ce."

"Haka ka so."

"To buga mini irin na Rogo."

Babu ganga, sai na kife kwanon fura. Yatsun ƙafarsa suka fara motsi, na bi su.

Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba shi ba. Ku faɗa mini, wa ya kamata ya fara?