Kwat Ɗin da Ya Yi Mata Yawa

A zauren gasar ches, wato darar Turawa, inda ba ka jin komai sai ƙarar danna agogon ƙidayar lokacin 'yan wasa, akwai wata dattijuwa zaune a teburin jikin taga. Kwat ɗin maza ne a jikinta, ya yi mata yawa, ta naɗe hannayensa. In ta faɗi wannan wasan, an fitar da ita ke nan.

Amma tun a motsi na biyu ta tura soja gaba, ta bar shi a bakin ci. Tsohuwar buɗewa ce, 'yan yanzu sun daina yin ta.

Saurayin da suke karawa ya sunkuyo, murya ƙasa-ƙasa: "Mama, zan fa cinye shi."

"Ci abinka, ɗana. Mai kwat ɗin nan haka yake farawa."

Ina tsaye ina kallo, sai nake hango su a zuciyata, ita da mai kwat ɗin, a wani ƙaramin falo, shayi yana hucewa, yana ba ta sojan nan kyauta yana dariya.

Ta shafa wuyan kwat ɗin, ta danna agogo. Lokacin saurayin ya kama gudu. Nata kuwa ya tsaya cak, kuma ina jin ba yau ya tsaya ba.