Barewa da Turaren Wuta

A Ingila doka ta yarda mutum ya mallaki baka, ya yi ta harbin takarda mai zane har ƙarfinsa ya ƙare, amma ba ta yarda ya nuna wa ko zomo kibiya ba. Shekara da shekaru ina bin wannan doka sau da ƙafa. Ranakun aiki ina koyar da tarihi a wata sakandare a kudancin Landan. Ranar Asabar in ɗauki bakana in tafi wani fili kusa da Abbey Wood, inda ni da wasu dattawan Turawa muke kashe takarda cikin ladabi, sannan mu sha shayi. Hannuna ya faɗa, ban kuma taɓa ɓoye hakan ba. Sai dai kakana maharbi ne a duwatsun Ningi, kuma na san da zai ga jikansa yana karɓar lambar yabo saboda ya huda kwali, da ya nemi a sake bincika asalina.

Wajen tsakiyar shekarun casa'in Faransa ta halatta farauta da baka. Malamin Faransanci na makarantarmu ya ce kawunsa ne shugaban mafarautan ƙauyensu, can a duwatsun kudu, kusa da iyakar Sifen. Ya yi masa waya a kaina. Tsohon mutumin bindiga ne, a ganinsa kibiya raunata dabba kawai take yi, ta bar ta ta je ta mutu a sarƙaƙiya. Don haka ya gindaya sharaɗi. In zo kafin a buɗe farauta, ba tare da baka ba. In zaɓi wurin zama da kaina, in zauna har barewa ta zo inda kibiya za ta iya cim mata, ta gama abin da ya kawo ta, ta tafi ba ta san da ni ba. Shi zai kalla daga tsallake. In na iya, ina da gurbi a cikinsu a farautar lokacin kaka. In na kasa, in koma wa takardata.

Barewa nake cewa don babu wani sunan da ya fi kusa. Tasu ta kusa kai gwanki girma, namijin kuwa yana yawo da ƙaho mai rassa kamar ya ɗauko itacen girki.

Wanda ya kai ni wani Alhaji ne mutumin zangon Kumasi, mai shagon nama a unguwar Peckham ta Landan. Yana da mota mai jure tafiya, yana jin Faransancin da ya kwaso a Abijan, kuma yana kirana Masta. A Hausarsa mace da namiji duk “ya” ne. Na daɗe da daina gyara masa, don ya fi ɗalibaina taurin kai kuma ba ni da ikon tsare shi bayan an tashi daga makaranta.

Na yi booking ɗin ferry, jirgin ruwan da zai tsallakar da mu da motar zuwa Faransa, na shiga shiri. Abin da ya fi damun mai baka shi ne hancin dabba, tunda dole ya matso kusa. Na wanke kayan dajina da ruwa zalla, ba sabulu, na shanya su a baranda. Na ɗebo busasshen ganye daga kurmin Abbey Wood na barbaɗa a tsakaninsu. Saura abu ɗaya, kuma shi ne mai wuya.

Matata 'yar Maiduguri ce. A wurinsu mijin da ya fita ba ƙamshi, matarsa aka zaga. Tana da kasko, tana da kwandon da take kifewa a kansa ta shimfiɗa tufafi su sha hayaƙi. Na'urar ƙararrawar gobara da council, wato ƙaramar hukuma, ta maƙala a silin ɗin flat ɗinmu na Plumstead ta yi rayuwarta sanye da hular wanka don kada ta ji hayaƙin ta yi ihu. Duk tafiyar da zan yi, ko Birmingham ce, sai an turara ni kamar ango.

Na ce, “Hajiya, waɗannan kayan kada su ga kasko.”

“Me suka yi?”

“Barewa hanci gare ta. Tun daga nesa take jin mutum.”

“To ta ji mana. Ai gara ta ji ƙamshi da ta ji wari.”

“Ba zawarcinta zan je ba.”

“Malam, so kake in bar ka ka shiga cikin Faransawa, masu turaren duniya, kana warin ganye kamar gwauro? A ce matarka 'yar ina ce?”

“A ce mai jin magana ce.”

Ta dube ni, ta dubi kayan. “Na ji. Kayanka ba za su ga kasko ba.”

Ta cika alkawari irin cikawar lauya. Kayan ba su ga kasko ba. Jakar da za a zuba su ce ta kwana a kife a kan kwandon, baki buɗe, ita da hulata da sallayata. Ni kuwa hancina ya zauna da wannan ƙamshi tun ranar aurenmu, ya daina sanar da ni. Na zuba kayan, na zuge, suka yi doguwar tafiya cikin zafin mota suna jiƙa.

Ƙauyen yana maƙale a gindin dutse. Tsohon gajere ne, mai kaurin wuya, ba ya ɓata magana. Washegari da sassafe ya hau da mu, yana nuna mana abin da ya ga dama: sawu a laka, kashi sabo, ƙananan itatuwa da mazan barewa suka goge wa ɓawo da ƙaho, ciyawa a kwance inda suka yi makwanci. Ban buƙaci tafinta a nan ba. Daga bisani muka leƙa wani kwazazzabo mai 'yar ƙorama, a tsakiyarsa akwai taɓo inda mazan ke zuwa birgima. Da ganinsa na san nan ne.

A gangaren tsallake akwai barewa mata uku suna kiwo, nesa ƙwarai, ko bindiga sai ta yi tunani. Babbar ta ɗaga kai, ta yi wani haushi kamar na kare mai mura, suka haura dutse suka ɓace.

Tsohon ya juyo, ya matso, ya kama hannun rigata ya shinshina. Ya faɗi wata 'yar gajeruwar magana.

“Me ya ce, Alhaji?”

“Ya ce kana ƙamshi kamar coci ranar biki.” Alhaji ya sa hancinsa a kafaɗata shi ma, ya lumshe ido. “Masta, Hajiya ya gama da kai. Wannan turaren har da itacen hawi a ciki. Ni tun Dover, kafin mu hau ferry, nake ji, na ɗauka ka sani.”

“Me ya hana ka faɗa?”

“In ce wa mutum matarka ya cika ƙamshi? Ina da hankali.”

Tsohon ya ƙara da cewa ko da na wanku, kwazazzabon nan ba ya zaunuwa. Iska a cikinsa juyi take yi, shi ya sa su masu bindiga suke tsayawa can sama. Yana da aikin gona, zai dawo safiyar ranar da za mu tafi. Ya sauka ya bar mu.

Tufafi ba su dame ni ba. Na wanke kaina a ƙorama, ruwan da har yau in na tuna shi haƙorana suke amsawa, na ari tsohuwar rigar wani makiyayi wadda tumaki suka riga suka sa wa hannu da warinsu. Maganar iskar ce ta tsaya mini. Na san ƙa'idar: da sanyin safiya iska gangarowa take yi, rana na dumama dutse sai ta juya ta hau. Amma ƙa'ida ba ta san wannan kwazazzabon ba. Toka da ake barbaɗawa tana nuna inda iska ta nufa a gaban hancinka ne kawai. Ba ta faɗa maka inda warinka zai je bayan ya zagaya dutse ya faɗa rami.

Ina zaune a ƙofar masauki, jakar tana rataye a ƙusa can ƙarshen baranda, sai ƙamshinta ya iso ni. Yini ɗaya a sararin dutse ya dawo mini da hancina. Na tashi na koma ɗaya gefen, babu komai. Na dawo, ga shi. Sai na ga ai abin da mafarauta ba su da shi ne nake da shi: wari mai ƙarfin da hancin ɗan'adam zai iya binsa.

Na ce, “Alhaji, gobe kai ne barewa.”

“Namiji ko mace?”

“A bakinka duk ɗaya ne.”

Bayan sallar asuba muka hau. Na tsayar da shi a bakin taɓon, na ce duk sanda ya ji Maiduguri ya ɗaga hannu. Ni kuma na riƙa ɗaukar jakar daga wannan maɓoya zuwa waccan, in buɗe bakinta in jira. A bayan kututturen da na fara kwaɗayi, ban gama ajiye ta ba hannun Alhaji ya tashi. A cikin sarƙaƙiyar da ke sama ya ɗan jima, sannan ya ɗaga hannu biyu, yana daga tsaye yana rangaji kamar an sa masa kiɗa. Wani wurin ƙamshin ya yi kamar ya wuce, ashe zagayawa ya yi ta bayan dutse ya dawo masa ta ƙeya. Tsohon bai yi ƙarya ba.

Sai wani dutse mai tsagi, ƙasa da taɓon, dab da ruwa. Ba shi da kyan gani, mutum sai ya durƙusa a laka. Na ajiye jakar. Alhaji ya shaƙa, ya juya, ya sake shaƙa.

Ya ce, “Babu. Ko jakar ya ƙare?”

Na bi ƙoramar ƙasa. Can nesa, inda ruwan ya karya kwana, na tarar da ƙamshin yana tafiya abinsa, kwance a kan ruwa. Sanyin ƙoramar ne yake jansa. Muka zauna muka jira mu ga yaushe zai saɓa. Hasken rana ya fara daga ƙolin tsallake yana saukowa. Da ya taɓa wani farin dutse a tsakiyar gangaren, Alhaji ya ɗaga hannu ba tare da ya buɗe ido ba. Muka maimaita washegari don kada a ce dace ne. Haka ya sake yi. Wurin nawa ne daga asuba zuwa sanda rana ta taɓa farin dutse.

Safiyar ƙarshe tsohon ya hau tsallake da madubin hangen nesa, Alhaji a gefensa. Jakar tana ƙauye, a kulle cikin mota. Na durƙusa a tsagin cikin rigar makiyayi. Gwiwoyina suka yi ƙorafi, suka gaji suka yi shiru. Gari ya waye sarai, babu komai sai wani tsuntsu. Haske ya kama ƙolin dutse ya fara saukowa.

Ƙarar tsakuwa na fara ji. Namiji ne, shi kaɗai, wuyansa ya yi kauri. Ya tsaya a bakin taɓon ya daɗe yana karanta iska, hancinsa yana motsi. Ya dubi inda nake, idonsa ya wuce ta kaina kamar yadda sufeto ke wuce malamin da ba shi da laifi. Sannan ya shiga, ya kwanta, ya yi birgima. Ina jin numfashinsa, ina jin warinsa, wanda Hajiya ba za ta bari ya shigo ko matakalar bene ba. Da bakana yana hannuna, da aiki ya ƙare tun tuni.

Amma sharaɗin bai ce ya zo kawai ba, ya ce ya tafi. Shi kuwa ba ya sauri. Ya tashi, ya girgije, ya soki laka da ƙaho, ya sake kwanciya. Na saci kallon gangaren. Haske ya kusa farin dutse, tazarar ba ta fi tsawon mutum ba. Ba abin da zan iya yi, don haka ban yi komai ba. Ya miƙe, ya sha ruwa, ya tsaya yana tunanin abin da barewa ke tunani. Sannan ya juya ya haura a hankali, yana tsayawa yana cizgar ganye, har itatuwa suka rufe shi. Jim kaɗan na ji iska ta shafi bayan wuyana, ta juya.

Tsohon ya sauko da kansa har cikin lakar. Ya durƙusa a inda na durƙusa, ya dubi taɓon, ya dubi farin dutsen. Ya tambayi yadda na gano wurin, Alhaji ya ba shi labari da hannu da hanci, na kuma tabbata ya ƙara gishiri a nasa ɓangaren. Tsohon bai yi dariya ba, amma gashin bakinsa ya motsa.

Alhaji ya ce, “Ya ce ka dawo lokacin kaka. Namiji ɗaya. Wannan wurin naka ne, ba wanda zai zauna maka. Amma in rana ya taɓa farin dutse ka tashi, ko kibiya yana kan tsirkiya.”

Na ce na yarda. Muka yi musabaha da hannuwa masu laka. Su biyun suka kama hanyar ƙauye, ni kuwa na tsaya na karya wasu 'yan rassa biyu da suka gitta tsakanin tsagin da taɓon, na jefa su cikin ruwa, don su kaɗai ne za su iya kautar da kibiya.