Motar Yaya Isuhu da Ba a Shiga da Takalmi

Duk wanda ya taɓa shiga motar Yaya Isuhu a garin nan na Matameye, ƙafa ba takalmi ya shige ta. Alhaji ne kai ko malamin lakkol, wato makarantar boko, sai ka tuɓe a bakin ƙofa kamar mai shiga masallaci, ka karkaɗe rigarka, sannan ka ɗosana. Ni da muke uwa ɗaya uba ɗaya ban taɓa samun rangwame ba.

Kun dai tuna ta: ja, 'yar Jamus, cikinta kamar zai shafi ƙasa, kujeru na fata. Ta hannu ya saya a Damagaram, wajen wani Bature mai harkar gyaɗa da zai koma gida. Baturen ya ce masa don gudu aka ƙera ta, wannan magana kuwa ita ta zame mana jarrabawa. Ka ce ya rage maka hanya da kwandon tumatir, sai ka ji, "Ba don wannan aka ƙera ta ba." Ɗaukar amarya fa? "Ba don wannan aka ƙera ta ba." Gudun da ake taƙama da shi kuwa, wallahi ba wanda ya taɓa gani. Na sha ganin mai amalanken shanu ya wuce mu yana cewa, "Sannu da hutawa, Isuhu!"

Da shekarar fari ta zo, rijiyoyi suka ja baya har guga ya koma fitowa da laka. Yaya ya dubi butarsa, ya dubi ƙurar da ke kan mota, sai ya goge mota da ruwan, shi kuma ya yi taimama. Labari ya kai wa Liman, ya tako har gida.

"Isuhu, mai ruwa a hannu ba ya taimama!"

"Allah gafarta Malam, to ita fa? Ita ai ba ta iya ba."

"Mota ce fa, bawan Allah!"

"Shi ya sa nake tausaya mata."

Liman ya yi masa tatas. Daga ranar sai ya koma alwala a cikin tasa, ya tara ruwan, ya tsoma tsumma ya bi ta lungu-lungu. In an yi masa dariya sai ya ce, "Ku nuna mini wata mota a ƙasar Damagaram da ba ta rabuwa da alwala."

Zamanin soja ne, in an ce ana son abu ba a tambayar dalili. Ran nan sai ga wani soja a ƙofar gida, wai za a tarbi babban baƙo daga Yamai, ana son motar. Gabana ya faɗi, don na san halin ɗan'uwana.

"Ba komai, ranka ya daɗe," in ji Yaya. "Ni zan tuƙa. Sai dai takalma."

Sojan ya dubi takalmansa masu igiya har ƙauri. "Ka san da wa kake magana?"

"Na sani. Shi ma baƙon a gaya masa ya taho da safa mai tsabta."

Ni dai har na fara tunanin wa zai riƙa kai masa tuwo kaso, wato gidan yari. Sai sojan ya zauna a dakali ya kwance takalman, wai bari ya ga abin da ake wa wannan fankama. Suka ɗau hanya. Ba su kai bakin kasuwa ba ya sauko, takalma a hannu, yana cewa, "Kafin wannan ta isa, baƙo ya ci abinci ya koma!" Haka mota ta tsira.

Sai shekarar da ruwa ya dawo. An sheƙa ruwan shuka mai kyau, amma mutanen ƙauyenmu na wajen Dungu sun riga sun cinye irinsu don yunwa. Da hantsi sai ga Baffa, ƙanen mahaifinmu, laka har gwiwa. Ya ce akwai irin gero wajen wani amininsa a Ɗan Barto, amma manyan motoci duk suna jigilar hatsin agaji, in kuwa ƙasa ta sha iska, wannan shekarar ma ta tafi. Na sunkuyar da kai ina jiran maganar da kowa ya haddace.

"Shiga, Baffa."

Baffa ya duƙa zai tuɓe.

"Bar su, ba lokaci."

Ni ma na faɗa ciki. Jama'a, ranar na ga gudu! Itatuwa sai wucewa suke kamar ana jifa da su. Baffa ya riƙe wuyan rigata yana salati, yana cewa, "Isuhu, iri muka fito nema, ba lahira ba!" Muka loda buhuna a baya, a kan kujerun fata, har a cinyata. Hanyar Dungu kuwa rairayi ne da kwazazzabai. Duk sanda cikinta ya gurji ƙasa sai in ga Yaya ya cije leɓe, amma bai ɗaga ƙafa ba. Muna isa gindin tsamiyar ƙauye ta yi tari, ta tuɗo hayaƙi, ta mutu. Kafin la'asar mutane na gona suna shuka. Ita kuwa da shanu aka jawo ta gida, ba ta sake tashi ba.

Gilashin baya ya fashe a hanya, ruwa ya riƙa shiga, sai geron da ya zube ya tsiro ta yagaggun kujeru. Na same shi tsaye yana kallo, na ce bari in tsokane shi.

"Yaya, ba don wannan aka ƙera ta ba."

"Kai da Baturen duk ba ku san komai ba. Cire takalminka in za ka matso."

Ranar da ya rasu, dattawan Dungu suka zo gaisuwa. Da za su gifta gawar motar a tsakar gida, ba wanda ya ce musu komai, sai na ga suna tuɓe takalma ɗaya bayan ɗaya. Duk daurewar da na yi tun safe, a nan ta ƙare, na yi kuka kamar yaro.

Allah ya jiƙanka, Yaya Isuhu, ya yafe maka kurakuranka. Yadda ka ce wa Baffa ya shiga, kai ma Allah ya sa a ce maka ka shiga, ba tare da an tsayar da kai a bakin ƙofa ba. Amin.