Dankalin Na Allah Kuku

A Urafane, in ka ce Na Allah sai a tambaye ka wanne, amma in ka ƙara da Kuku, ko yaro zai nuna maka gidan. Shekara ashirin da biyu ya yi yana dafa wa Turawa abinci a Arlit. Da aiki ya ƙare ya dawo gonar ubansa da wuƙa ɗaya da faffaɗar tasar ƙarfe, da kuma baki. Ni maƙwabcinsa ne, kunnena ya sha labarin wani abinci wai shi giratan: dankalin Turawa a yanka shi falle-falle, a jera, a zuba madara, a rufe da cuku a gasa. Mu dai sai mu ce to, mu ci gaba da tuwonmu.

Bakin nan nasa kewa ce kawai. Matarsa ta rasu, ƴarsa ɗaya tilo, Rashida, tana aure a Agadas, shekara shida bai sa ta a ido ba. Kullum cewa yake a kan wannan abinci ta girma.

Da ta aiko cewa tana tafe, tsoho ya rasa inda zai sa kansa. Ya hau kabu-kabu har Tasawa ya sayo dankali. Cukun Turawa kuwa babu shi, sai ya sayi namu na Buzaye ranar kasuwa, busasshen nan da muke ci da shayi, ya daka a turmi. Na ce masa wannan ko a wuta ya kwana ba ya narkewa. Ya ce da ni yaushe na zama kuku.

Tanda babu, sai ya ɗora tasar a kan garwashi, ya rufe da faranti, ya zuba wani garwashin a sama. Ƙamshi ya kai har masallaci. Da ya buɗe, dankali ya nuna lugub, amma cuku na nan warwatse kamar tsakuwa. Na ga idonsa ya kawo ruwa, ban yi masa dariyar da na tanada ba.

Rashida ta iso bayan la'asar da goyonta. Ya ajiye mata tasar yana ta ba da haƙuri, wai ba haka ta san shi ba, na can samansa ja yake yi, yana naɗewa a cokali. Ta yi ta ci, har ta cinye gefe guda.

Sannan ta ce, "Baba, ni ai ban taɓa ganin samanai ba. Ƙanzon da Turawa suka rage kake kawo mamu a takarda."

Na Allah ya daɗe yana kallon tasar. Can ya ɗauki cokali, ya kwalfo tsakiyar, inda ya fi laushi, ya tura gabanta.