Kawu Jaji da Ƙashin da Muka Ƙaryata

Da hantsin Talata, 14 ga Mayu 2024, ina cikin aji a Kankia, Haulatu ta bugo waya ta ce Allah ya yi wa mahaifinta, Kawu Jaji Direba, rasuwa a gidansa na Kusada. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Kawu, shekara talatin ka yi kana jan babbar mota tsakanin Katsina da Agadas. Matan Fulani na Kunduru sun san ba ka wuce mai ƙwaryar nono a bakin hanya. Ranar da ciwon ƙanwarka, mahaifiyata, ya tashi, kai ka sauke lodin kanwar mutane a tasha ka kai ta asibiti. Wasu za su faɗi irin waɗannan fiye da ni. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne.

Wata shekara ka dawo da labari. Ka ce wasu Turawa masu bincike sun ɗauke ka jigila a dajin Ingal, inda suke tono ƙasusuwan wata dabba da ta shuɗe tun fil azal. Ka ce ƙashin cinyarta ɗaya ya kusa tsawon mutum, ku huɗu kuka ɗaga shi da ƙyar. Ganye take ci, wuyanta kuma zai kai kan giginya.

A majalisar bakin tasha ka ba da labarin, aka yi ta dariya. Ni lokacin ban daɗe da gama kwalejin malamai ba. Ka juyo gare ni ka ce, "Sharafaddeen, kai ka yi boko. Gaya masu akwai ta."

Na san akwai ta. Na karanta labarin dainoso, na ga zanenta a littafi. Amma na ji tsoron dariyar ta dawo kaina. Sai na ce, "Kawu, anya ba mushen raƙumi ka gani ba, rana ta buge ka?"

Ka sa takalmanka ka tafi. Daga ranar aka laƙaba maka Jaji Raƙumi, har yaran da ba su san mafari ba suna kiran ka haka. Ka ci gaba da kawo mini dabino duk tafiya, ba ka taɓa tayar da maganar ba.

Shekara biyu da suka wuce na je Yamai, na shiga gidan tarihi, na tsaya a gaban ƙwarangwal ɗin irin waɗannan dabbobi. Na ɗauki hoto don in kawo maka. Sau uku na zo Kusada da hoton a waya, muka gaisa, muka yi hirar damina, na tashi ban nuna ba.

Ranar sadakar uku, matarka Inna Nagoggo ta kira ni ɗaki ta miƙo mini wani tsohon hoto daga akwatinka. Ga ka nan a durƙushe cikin rairayi, hannunka a kan ƙashin.

Na ce, "Inna, me ya hana shi nuna wa mutane?"

Ta ce, "Na yi mashi magana. Cewa ya yi in ya nuna, kai za ka ji kunya a gaban jama'a."

Na ɗauki hoton nan naka na kai majalisar, na faɗi abin da ya kamata in faɗa tun wancan lokaci. Dattawan da suka rage suka karɓa suna dubawa. Kai kaɗai ne ba ka ji ba.

Kawu, gaskiya ka faɗa, ni na yi ƙarya. Allah ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Nagoggo, da 'ya'yanka Haulatu da Abdurrahim, da dukan zuri'a. Allah ya ba ku haƙuri. Ni kuma ku yafe mini, ku roƙa mini gafara.