Geron da Kawu Ya Yanka Ɗanye

Shekarun da kuɗin man fetur suka shigo, gwamnatin Jihar Sakkwato ta ɗauke ni malamin gona. Aka ba ni babur da buhunan taki, wai in riƙa zagawa daga Tambuwal har Kebbe ina koya wa manoma noma. Ni da ban taɓa cika rumbu da hannuna ba! Cikin kayan akwai wani irin gero mai saurin nuna, yana riga na gida da kusan wata guda. Duk wanda ya yi marka a ƙasarmu ya san darajar wata guda. Lokacin ne rumbu ya koma fanko, sabon hatsi bai iso ba, mata na dafa tafasa su barbaɗa ɗan gari a ba yara.

Na kai wa kawuna a Fakku, ƙanen mahaifiyata, mai iyali da yawa da gona ɗaya tak. Duk shekara sai ya sayar da akuya kafin su ga kaka. Ya jujjuya irin a tafin hannunsa ya ce, "Malamin gona, tunda kai kac ce, sai mu gwada."

Geron ya yi, wallahi ya yi. Gonakin maƙwabta na kore shar, tasa ta cika da zangarniya. Tsuntsaye ne suka fara sauka, tunda babu wata gona da ta nuna a duk karkarar, amma ya yi ta fama da su har ya tsira da dammuna masu kyau. Sai mutane suka biyo baya. Ba wanda ya roƙa fa. A wajenmu gaisuwa ake zuwa. Mutum ya yi sallama, ya yi barka da arziki, ya ajiye ƙwarya a gefen tabarma, ya shiga hirar ruwan bana. Kai kuma ka san ƙwaryar nan ba za ta koma wofi ba. Gwaggonsa ta zo, surukai suka zo, har wanda ya taɓa taya shi huɗa shekarun baya. Kafin geron gari ya nuna nasa ya ƙare, har da wanda na ce ya ware don iri. Da kaka wasu sun ɗan mayar masa, amma bai kai ko'ina ba. Shekarar akuya biyu ya sayar.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Haba Kawu, ba ka da baki ne? Ka ce babu mana!"

Ya ce, "In ce babu, ga dammuna suna kallo? Ran da nim mutu wa za shi ɗauke ni, kai da babur naka?"

Ni ma kuwa da nake ta kumfar baki ban taɓa mayar da ƙwarya wofi ba.

Bayan nan aka aiko mana takarda daga Sakkwato, ana binciken abin da ke hana manoma karɓar sabon iri. An jera amsoshi a zaɓa: rashin sani, rashin taki, ƙarancin ruwa. Na duba sama da ƙasa ban ga inda aka rubuta kunyar dangi ba. Na zaɓi rashin sani don a bar ni in huta.

Sai dai taurin kai bai bar ni ba. Damina ta gaba na sake kai masa irin, na tsaya a kansa har ya shuka. Na ce bana in ya yanka a kwaso a kawo gidana Tambuwal, in riƙa auna masa kaɗan-kaɗan. Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Da na ƙiyasta zangarniya ta fara ido, na hau babur na tafi. Na tarar rabin gonar a kwance. Kawu na duƙe da lauje yana yanke geron ɗanye, yana tara wa jakinsa. Na tsinki zangarniya ɗaya na matsa, ƙwayar ta fitar da farin ruwa. Kwana goma kawai take nema. 

Ya ɗago ya ce, "Kak ka yi faɗa, ɗan nan. In na kai shi gidanka, cewa za a yi na ɓoye ma 'yan'uwana abinci. In na bar shi nan, ɗiyana na kallo a fita da shi ƙwarya-ƙwarya. Na gaji. Gara mu ji yunwar tare da kowa, babu mai ganin laifina."

Na ce, "To yaran fa, Kawu?"

Ya ce, "Sun saba." Ya duƙa ya ci gaba da yanka.