Mun Nufi Yamai, Muka Sauka Madawa

Shekarar da aka fara sakin ruwan dam ɗin Bakolori zuwa gonaki, maigidana yana cikin masu buɗe ƙofofin ruwa da rufe su a ɓangaren Talata Mafara, ni kuwa ina koyarwa a wata firamare ta cikin gari. 'Ya'yanmu uku duk suna makaranta. Babbar mace ce, tana gab da gama firamare, sai namiji mai bi mata, sai auta da ba ta daɗe da shiga aji ɗaya ba. Akwai kuma Inna, mahaifiyar maigidana, wadda ta dawo wurinmu bayan ruwan dam ya ci gidansu a tsohuwar Maradun.

Wata rana bayan la'asar ya dawo daga aiki, ya jingine kekensa, ko ƙafa bai wanke ba ya ce, "Malama, kin san Turawan ga da muke aiki da su? Kowace shekara sai su kwashi ɗiyansu su tahi wata ƙasa. Ba biki ba, ba ta'aziyya ba. Su dai ga gari, su dawo."

Na ce, "To, Malam, Allah shi ba su lahiya."

Ya ce, "Mu ma za mu. In anka ba yara hutun ƙarshen shekara, Yamai za mu."

Na yi dariya, don a saninmu ba a tafiya sai da dalili. Ko Sakkwato ba na zuwa sai wani ya haihu ko wani ya rasu. Amma yaran sun ji, kuma maganar da ta shiga kunnen yaro ba ta komawa baki. Kafin magariba makwabta sun san za mu ƙasar waje.

Daga ranar gidanmu ya zama gidan Yamai, babban birnin Nijar. Kowa da abin da ya sa a ransa. Babbar ta ji ana cewa akwai kogi a can wanda ya fi Gulbin Sakkwato faɗi nesa ba kusa ba, da gada a kansa, ita wannan take son gani. Namijin kuwa iyaka ce damuwarsa. Ya ga jan layi a taswirar ajinsu, ya ƙudure cewa in mun isa zai tarar da shi a shimfiɗe a ƙasa, zai sa ƙafa ɗaya a Nijeriya ɗaya a Nijar. Auta ba ruwanta da duk wannan. Wani ya gaya mata burodin can ya kai tsawon hannu, shi ke nan ta gama shirinta.

Ni ce mai ɗawainiyar gaske. Na kai wa tela yadi ya ɗinka musu kaya iri ɗaya, babbar ta ce ita ta wuce sa kaya irin na auta, aka sake. Na kai su asibiti aka yi musu allurar da ake yi wa matafiya, namijin da yake cika baki shi ya fara kuka. Akwai wani malami a makarantarmu da ya taɓa zama a Nijar, na roƙe shi ya riƙa koya musu gaisuwar Faransanci bayan an tashi. Sati bai yi ba suka ishe mu. Akuya ma in ta shigo gida da Faransanci ake korarta.

Maigidana ya nemo mota. Wani abokinsa ɗan Bakura yana da ƙaramar mota mai dogon baya, yana jigila da ita tsakanin kasuwanni, ya yarda zai kai mu ya dawo da mu, shi ma dama yana son ya ga yadda kasuwar can take. Suka zauna a zaure suna zana hanya a ƙasa da tsinke: daga nan sai Sakkwato, sai Illela, a ƙetara zuwa Birnin Konni, sannan a karya yamma a miƙe har Yamai.

Abu guda ya rage, wato Inna. Tun da ta zo gidanmu ba ta cika magana ba. A da mace ce mai baki, wadda in tana tsakar gida ba a jin muryar kowa, tana kiran ɗanmu namijin nan angonta, tana tsokanarsa cewa bai kawo cefane ba. Bayan tashin Maradun duk ta bari. Takan zauna a bakin ƙofarta da carbi, in an gaishe ta ta amsa, in an kawo abinci ta ci kaɗan ta tura. Ba ta taɓa cewa uffan game da gidan da ruwa ya rufe ba, mu ma ba mu tambaye ta ba. Muka yanke cewa za a kai ta Damri wurin 'yarta, ta zauna har mu dawo. A ganinmu mun kyauta mata, tsohuwa ba ta da abin yi da doguwar hanya.

Babbar 'yarmu ce ta ɓata shirin. A ɗakin Inna take kwana, ita ke kai mata ruwan alwala. Ina tankaɗe ta zo ta tsaya a kaina ta ce, "Umma, wa yat tambayi Inna ko tana son zuwa Damri?"

Na ce, "Ke kuma mi naki ciki?"

Ta ce, "In dai Inna ba ta zuwa, ni ma ba ni zuwa."

Na so in yi mata faɗa, amma na rasa ta inda zan kama. Gaskiya ta faɗa, ba wanda ya tambaye ta. Da maigidana ya dawo na gaya masa, sai ya je ya durƙusa a ƙofar ɗakin uwarsa. Ya gaishe ta gaisuwa mai tsawo kamar wanda ya zo daga wani gari, ya tambayi ƙafarta, ya tambayi barci, sannan ya ce, "Inna, tahiyar ga da za mu yi, ko kina da abin cewa?"

Ta ja carbi. Can ta ce, "Yamai ɗin ga, tana da nisa da Madawa?"

Ya ce, "Da nisa, Inna. In an kai Konni, Yamai na yamma, Madawa na gabas."

Ta ce, "To, shi ke nan. Allah shi kiyaye hanya."

Shi ya gane, ni ban gane ba sai da ya fayyace mini. Inna tana da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta auri wani malami tun kafin a haifi maigidana. Malamin ya tafi da ita Madawa, ya kafa makarantar allo a can. Da farko ana jin labarinta ta bakin masu zuwa, daga baya labari ya yanke. Kowa ya ɗauka ta rasu, shi ma haka ya ɗauka.

Ya ce, "In mun je munka tarad da kabari hwa? Na ɗauki tsohuwa na kai ta ga wani baƙin ciki bisa wanda take ciki?"

Na ce, "To a tambaya mana. Ranar Talata ba mutanen Nijar na zuwa kasuwa ba?"

Haka aka yi. Ranar kasuwa ya bi rumfunan masu tabarmi da kanwa har ya sami wani dattijo da yake zuwa daga wajen Madawa. Dattijon ya ce ya san makarantar, malamin ya daɗe da rasuwa, ɗansa ne ke riƙe da ita, amma bai san ko tsohuwar tana nan ba. Ya yi alkawari zai bincika. Muka zauna jira, ba mu gaya wa Inna komai ba. Talata ta zo ta wuce bai zo ba, wata ma ta wuce. Ana gab da fara jarrabawar yara sai ga shi da kansa har ƙofar gida, da ƙullin dabino a hannu. Ya ce tana raye, idonta ya yi rauni, amma hankalinta garau. Ya ce da ya ambaci Maradun sai ta riƙe hannun rigarsa ta ƙi saki. Dabinon nan ita ta ba shi ya kawo wa yayarta.

Inna ta karɓi ƙullin ta ɗora a cinya, ba ta kwance ba, ba ta yi kuka ba. Ta dai ce da dattijon, "Har yanzu tana da wushiryarta?" Ya yi dariya ya ce ai haƙoran ma sun tafi.

Yanzu sai aka zo ga mai wuyar. Hutun da aka ba maigidana a wurin aiki gajere ne, lokacin ban ruwan alkama ne, kuma jikin Inna ba zai ɗauki gabas da yamma a tafiya ɗaya ba. Ko Yamai ko Madawa. Na san yadda ya ƙwallafa rai a kan Yamai, ya riga ya gaya wa duk abokan aikinsa. Zai iya yanke hukunci shi kaɗai, ba mai ce masa don me, amma ya tara yaran a tabarma ya ce, "Ni na yi muku alkawali, ba ni saɓa shi sai da yardarku."

Babbar ta ce Madawa tun bai rufe baki ba. Auta ta tambaya ko a Madawa akwai burodin, aka ce akwai, ta ce ita ko'ina. Namijin ya sunkuyar da kai yana haƙa ƙasa da yatsa. Ya ce ya gaya wa 'yan ajinsu zai hau gada, za su ce maƙaryaci ne. Hawaye suka zubo masa. Muna nan zaune sai muka ji muryar Inna daga bakin ƙofa, da irin ƙarfinta na da: "Haba angona, ka kai ni gidanmu mana. Wane irin miji na aura, ko ganin dangi ba shi kai ni?"

Yaron ya ɗago yana kallonta, hawaye a fuska, dariya na neman ƙwace masa. Ya ce, "To, amma sai kin bar cewa ban kawo cehwane ba." Ni dai tashi na yi na shiga madafa, don kada su ga fuskata.

Muka tashi da sassafe bayan sallar asuba. Inna a gaba kusa da direba, mun tokare mata baya da matashi, mu kuma a baya da yara da ƙullin kaya. Na soya kaji, na yi dambu, na cika gora da fura. Inna ta sa an ɗauko mata garin kuka da daddawa, ta ce ba ta yarda da daddawar wata ƙasa ba. A iyaka namijin ya sauka yana neman jan layinsa, bai ga komai ba sai sandar ƙarfe da wani jami'i yana shan shayi. Jami'in ya ji abin da yake nema, ya kama hannunsa ya kai shi daidai sandar, ya ja layi a ƙasa da takalminsa ya ce, "Ga shi nan, taka." Ya taka, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, ya ƙi motsawa sai da uban ya daka masa tsawa.

Da muka isa Madawa yaran suka yi tsuru-tsuru. Kowa Hausa yake yi, irin tamu ma, gidajen ƙasa irin namu, awaki irin namu. Auta ta ja zanena ta ce, "Umma, yaushe za mu kai ƙasar wajen?"

Ƙanwar Inna tana zaune a tsakar gida a kan buzu. Inna ta tsaya daga bakin zaure ta yi sallama, tsohuwar ta ɗaga kai, ta kira ta da wani suna na ƙuruciya da ko ɗanta bai taɓa ji ba. Ban iya ba da labarin abin da ya biyo baya. Mun dai janye yaran muka ba su wuri.

Kwanakin da muka yi a gidan nan, tsofaffin biyu ba su rabu ba. Ƙanwar ba ta san ruwa ya ci Maradun ba sai a bakin Inna, kuma da yake ba ta gani da idonta ba, garin yana nan a kanta yadda ta bar shi. Ita ke tambaya, Inna na amsawa: tsamiyar bayan gida, rijiyar da guga ke maƙalewa, makwabciyar da ke sayar da ƙuli. Su yi kuka, su yi dariya, su yi gardama kan ko ƙofar gidan gabas take kallo ko kudu. Yarana suna zaune a gefe baki buɗe. A nan suka fara jin labarin gidan kakanninsu, ni ma a nan na ji mafi yawansa.

Su ma ba su tashi a banza ba. Jikokin gidan suna makarantar Faransanci, suka yi ta yi wa gaisuwar yarana dariya suna gyara musu. Suka kai su kasuwa, suka hau raƙumi, auta ta ci burodinta har ya ishe ta. Namijin ya sami aboki, ranar rabuwa sai da aka ɓamɓare su.

Da za mu taho, ɗan tsohuwar, mai riƙe da makarantar, ya ba maigidana irin albasa a ƙulle cikin tsumma, ya ce ta ƙasarsu ce, ja ce, tana daɗewa ba ta ruɓe ba. Maigidana ya yafa shi a gefen 'yar gonarmu ta bakin hanyar ruwa. Albasar ta yi kyau har makwabtan gona daga Morai suka zo neman iri, ya ba su. Inna ce ta riƙa yanka ta a rana tana shanyawa, tana faɗa da kaji, tana faɗa da ni cewa wuƙata ba ta da kaifi. Ƙanwarta ta rasu da damina ta biyu bayan zuwanmu. Da saƙon ya zo Inna ta yi salati, ta ce, "Alhamdu lillahi, mun gana," ta tashi ta yi alwala.